Ku Rubuta Zangon Yau

'Ya'yana, akwai wata sura a Littafin Ƙidaya da ko masu ƙwazon karatun Littafi Mai Tsarki sukan wuce ta da gudu, wato sura ta 33. Jerin sunaye ne na wuraren da Isra'ilawa suka yada zango tun daga fitowarsu Masar har bakin Kogin Urdun, wurare sama da arba'in. Sun tashi daga nan sun sauka can, sun tashi daga can sun sauka gaba. Amma a farkon surar an faɗa mana cewa Musa ne ya rubuta jerin, kuma Ubangiji ne ya umarce shi ya rubuta. Wanda ya tsaya ya karanta a tsanake zai tarar da Mara a ciki, inda ruwa ya yi ɗaci jama'a suka yi gunaguni, kwana uku kacal bayan sun haye teku a kan busasshiyar ƙasa. Zai tarar da Elim mai maɓuɓɓugan ruwa goma sha biyu da itatuwan dabino saba'in. Zai tarar da Refidim inda ba ruwan sha, da Kibrot-hata'awa inda aka binne waɗanda kwaɗayin nama ya hallaka, da Dutsen Hor inda Haruna ya rasu yana da shekara 123. Wurin daɗi da wurin kunya da wurin makoki, duk an jera su, ba a goge ko ɗaya ba.

Allah ba ya bukatar a tuna masa hanyar da shi da kansa ya bi da mutanensa. Mutanen ne masu mantuwa, mu kuwa ba mu fi su ba. Don haka ga roƙona gare ku: kowannenku ya nemi littafin rubutu, ko da irin na 'yan makaranta ne mai falle sittin, ya keɓe shi, kowace rana ya zauna minti goma ko sha biyar ya rubuta yadda ranar ta kasance tsakaninsa da Allah. Na san da yawanku kuna da littafin da kuke zuwa da shi sujada. Na sha ganinsu cike da kan wa'azi, da ayoyi, da abin da fasto ya ce na ɗaya da na biyu da na uku. Wannan abu ne mai kyau, kada ku bari. Sai dai wancan littafi maganar wani ce ta cika shi. Wanda nake nufi ba mai iya cika shi sai kai, sai ke, domin abin da ya gudana a zuciya daga Litinin zuwa Asabar ba wanda ya gan shi sai mai zuciyar da Mahaliccinsa.

Babban dalilina shi ne gaskiya. Addu'ar da muke yi da ka, musamman da dare in gajiya ta kama mu, tana saurin zamewa zuwa kalmomin da baki ya saba da su. Mukan ce Allah ya gafarta mana zunubanmu, waɗanda muka sani da waɗanda ba mu sani ba. Roƙo ne mai kyau. Amma mutum zai iya shekara yana maimaita shi bai tuba daga zunubi ko guda ba, tunda bai taɓa kiran sunan ko guda ba.

Ku ɗauki saurayi mai koyon gyaran waya a kasuwa. Da rana wata dattijuwa ta kawo wayarta, ta ce ta daina caji. Ya duba ya ga ƙura ce kawai ta toshe bakin cajin, ya sa burushi ya goge, waya ta kama. Maigidansa ba ya shago. Sai ya ce mata ya canza wani abu a ciki, ya karɓi naira dubu biyu ya cusa a aljihu. Da dare ya durƙusa ya roƙi gafarar zunuban da ya sani da waɗanda bai sani ba, ya kwanta, barci ya kwashe shi. To, ku miƙa wa wannan saurayi biro. Zai fara da cewa yau kasuwa ba laifi. Zai ɗan tsaya, sannan ya rubuta, “An samu ɗan wani abu wajen wata mama.” Sai ya dubi layin. Ga shi nan da tawada, ba ya gushewa kamar yadda tunani ke gushewa, kuma shi ya san an lulluɓe wani abu a ciki. In akwai tsoron Allah a ransa zai soke layin ya sake: “Na yi wa mamar nan ƙarya. Na ci kuɗinta dubu biyu, alhali ƙura kawai na goge.” Daga wannan layi addu'arsa ta zama wata iri dabam. Kuma tambaya ta biyu za ta taso ba tare da an kira ta ba: gobe in mamar ta wuce ta gaban shago, me zai yi da dubu biyun nan?

Wannan hikima ta tsufa ƙwarai, kuma an ji ta a nahiyarmu tun da wuri. A hamadar Masar an yi wani bawan Allah mai suna Antoni, wanda ya rasu a shekara ta 356, shi ne ake ɗauka uban masu keɓe kansu domin ibada. Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ya rubuta tarihinsa ba da jimawa ba bayan rasuwarsa, a ciki kuma ya kawo shawarar da Antoni yake ba almajiransa: kowa ya riƙa rubuta ayyukansa da motsin zuciyarsa kamar wanda zai karanta wa 'yan'uwa. Hujjarsa ita ce mutum ba ya aikata abin kunya a gaban idon jama'a, saboda haka a bar rubutun ya tsaya a madadin idon, kunyar rubuta abu ta hana aikata shi, har ta hana saƙa shi a rai. Antoni ya san halin ɗan Adam.

Bayan shekara arba'in da 'yan kai, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya zauna ya rubuta labarin rayuwarsa, daga farko har ƙarshe yana magana da Allah kai tsaye. Abin da ya fi kama ni a littafin shi ne yadda ya daɗe a kan wani abu da yawancinmu za mu kira ƙuruciya. Yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare suka kakkaɓe 'ya'yan itace. Yanzu ga shi ya haura arba'in, shugaban ikilisiya, yana ta tambayar kansa me ya sa. Ba yunwa yake ji ba. Akwai waɗanda suka fi su kyau a gidansu. Yawancinsu ma aladu suka zuba wa. Da ya bi diddigi sai ya ga haramcin abin ne ya yi masa daɗi, ya kuma ga cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba, kunyar a ce shi matsoraci ne ta ja shi. Ku lura da wannan, domin nan ne rubutu ya fi tunani amfani. Tunani yakan tsaya a kan abin da aka yi. Mai rubutu kuwa, tunda hannu ba ya gudu kamar zuciya, yana samun sararin tambayar dalili. Budurwar da ta rubuta cewa ta yi wa ƙawarta baƙar magana a wurin koyon waƙa, in ta ƙara layi ɗaya ta tambayi kanta me ya sa, mai yiwuwa ta gano cewa tun ranar da aka ba ƙawar jan waƙa take jin zafi. Baƙar maganar reshe ce. Kishin ne ya kamata a kai gaban Allah.

Dalili na biyu shi ne tunawa da alheri. Mai shago ba ya yarda da kansa a kan bashin naira ɗari biyu, sai ya rubuta. Mu kuwa mun yarda ƙwaƙwalwarmu za ta riƙe mana duk abin da Allah ya yi mana, ita kuma ba ta riƙewa. Ka yi kuka a kan kuɗin makaranta a watan Janairu, kawunka da ba ka zata ba ya aiko a Fabrairu, kafin Yuni ka manta ka taɓa roƙo, kana cewa Allah ya yi shiru da kai saboda wata sabuwar damuwa. George Müller, mutumin Jamus da ya zauna a Bristol ta Ingila, ya buɗe gidan marayu a 1836, kafin ya rasu a 1898 yara sama da dubu goma sun tashi a hannunsa, kuma ya ɗaukar wa kansa ƙa'idar ba zai roƙi kowa kuɗi ba sai Allah. Ya riƙa rubuta bukata da ranar da ta taso, da abin da ya shigo da ranar da ya shigo, har kyautar da ba ta taka kara ta karya ba. Ya kuma shawarci masu bi su riƙe ɗan littafi, roƙo da kwanan wata a shafi ɗaya, a bar shafin da ke fuskantarsa domin ranar amsa. Ku gwada wannan. Amma ku yi gaskiya a ciki: wani shafin zai daɗe ba a rubuta kome a kansa ba, wani kuma abin da za ku rubuta shi ne ba a ba ku ba, mara lafiyar da kuka yi wa azumi ya rasu. Ku rubuta hakan yadda yake. Kada ku ƙirƙiro wa Allah amsar da bai bayar ba don shafin ya cika, ba ya bukatar a rufa masa asiri.

Sarki Hezekiya darasi ne ta fuska biyu. Ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuska ga bango ya yi kuka, Allah ya ƙara masa shekara goma sha biyar. Da ya warke ya rubuta abin da ya ji a lokacin ciwon da godiyarsa, rubutun yana nan a Ishaya 38. Amma sura ta gaba ta nuna shi yana zagayawa da manzannin Babila yana nuna musu dukiyarsa, Littafin Tarihi na biyu kuma ya ce girman kai ya shige shi, bai rama alherin da aka yi masa ba. Ya rubuta, ya ajiye, zuciya ta koma halinta. Godiyar da aka rubuta sau ɗaya aka rufe ba ta tsare kowa. Shi ya sa nake cewa kowace rana, shi ya sa kuma zan dawo kan maganar sake karantawa.

Akwai waɗanda nake tunawa da su musamman yayin da nake wannan nasiha. Wasunku sun ga abin da bai kamata ido mai shekarunku ya gani ba. An ƙone gari, an binne uba, an sayar da gona an biya kuɗin fansa. A wurin zaman makoki kowa ya ce sai haƙuri, ku ma kuka ce haƙuri ya zama dole, mutane suka watse, aka bar ku da abin da ke cin ranku. Ba ku iya faɗa a majami'a don kada a ce bangaskiyarku ta raunana. Irin wannan zafi in bai samu ƙofa ba yakan zama ƙiyayya, ko ya fito a Facebook da kalmomin da za su ƙara hura wuta. Ku buɗe Zabura ku ga abin da bayin Allah suka yi da nasu. Kaso mai yawa na Zabura ɗari da hamsin kuka ne da ƙara. An faɗa mana Dawuda ya yi ta 3 lokacin da yake gudu daga ɗansa na cikinsa, Absalom. Ta 88 ta fara da kuka ta ƙare da kuka, ba ko kalmar sauƙi a ƙarshenta, kuma Ruhu Mai Tsarki bai sa a cire ta ba. Akwai ma waɗanda ke ɗauke da fushi mai tsanani a kan maƙiya, irin wanda ba ma karantawa a sujadar safe. Masu rubuta su sun ɗauki fushin suka ajiye a gaban Allah da kalmomi, suka bar masa ramuwa, hannunsu bai ɗauki makami ba. Kuna da izinin yin haka. Ku rubuta cewa kuna fushi, ku rubuta cewa ba ku gane ba, ku rubuta cewa yafewa ta gagare ku yau. Wanda ya faɗa wa Allah cewa ya kasa yafewa ya fi kusa da yafewa a kan wanda ya ce ya yafe alhali yana dafa abin a ciki.

Ɗaya daga cikin rubuce-rubuce mafi tsufa da muke da su daga hannun mace Kirista a kurkuku aka yi shi. Perpetuwa 'yar Kartaj ce, kusa da birnin Tunis na yanzu, shekararta wajen 22, tana da jariri a nono, aka kama ta saboda bangaskiyarta aka kashe ta a shekara ta 203. A kwanakin da take jiran hukunci ta rubuta abin da ke faruwa da ita. Ba ta nuna kanta jaruma ba. Ta faɗi tsoron da duhun kurkukun ya ba ta, da zafin cunkoso, da damuwar ɗanta da ta fi kome cin ranta, da yadda tsohon mahaifinta ya zo yana kuka yana roƙonta ta janye, da yadda tausayinsa ya kama ta. Ta rubuta har jajiberin ranar, wani ya ƙarasa labarin. Sa'arku ce, 'ya'yana. In ta samu abin rubutu a wannan wuri, ɗakin kwanan ɗalibai ko bayan shago ba zai gagare ku ba.

Yadda za a yi ba shi da wuya. Ku zaɓi lokaci ɗaya ku riƙe shi, da asuba kafin gida ya tashi ko da dare kafin a kwanta. Ku sa kwanan wata. Ku fara da Maganar Allah, ko nassin ranar ne daga littafin ibada irin su Abincin Yini, ko kuwa littafin da kuke bi sura-sura, ku rubuta da kalmominku abin da ayar ta ce da inda ta taɓa ku. Sannan ku bi ranar. Layi biyar na gaskiya sun isa. Ku yi da harshen da kuke kuka da shi: in Hausa ce Hausa, in Tarok ne ko Bura ko Tangale ko Bajju, ku yi da shi ko da ba ku iya ƙa'idar rubuta shi ba, ba malamin da zai sa jan biro. Na lura da yawanmu in muka koma Turanci a addu'a sai mu ɗauko muryar wani mai wa'azi da muka ji a rediyo, muryarmu ta ɓace. In kun tsallake kwana uku ko mako guda, kada ku zauna cike gurbi, kada kuma ku yar da littafin don kunya. Ku sa kwanan watan yau ku ci gaba.

Yanzu bari in gargaɗe ku, domin kowane aikin ibada yana da hanyar lalacewa, wannan ma haka.

Hanya mafi sauri ita ce a fara rubutu domin idon mutane. Kun taso a zamanin da kowane tunani mai daɗi ake ɗora shi a WhatsApp kafin ya huce. Da zarar ka fara tunanin wa zai karanta, hannunka zai soma gyara maka hoto, har tawali'unka ma sai ka yi masa kwalliya. Yesu ya ce mai addu'a ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, littafin nan kuwa cikin ɗakin yake. John Wesley, wanda ikilisiyar Methodist ta samo asali daga aikinsa, ya gane wannan bambanci. Ya fara rubutun kowace rana a 1725 yana saurayi a Oxford, bai bari ba sai 'yan kwanaki kafin rasuwarsa a 1791. Amma littattafansa iri biyu ne. Akwai wanda ya riƙa bugawa domin jama'a su karanta labarin tafiye-tafiyensa da wa'azinsa. Akwai kuma na sirri, inda wani lokaci yake bin ranarsa awa-awa, shi kuwa da wasu alamomi na ɓoye ya rubuta shi, sai a ƙarni na 20 masana suka warware su. Haka nan Samuel Ajayi Crowther ya rubuta labarin tafiyarsa a Kogin Kwara a 1841 rana-rana, aka buga shi a Landan, masu tarihi har yau suna cin moriyarsa. Wannan rahoto ne, an yi shi domin a karanta, kuma yana da nasa daraja. Ba da shaida a gaban ikilisiya ma yana da nasa lokaci. Amma littafin da nake roƙonku ku riƙe mai karatunsa ɗaya ne, kuma ya riga ya san abin da ke ciki kafin ku rubuta.

Wata hanyar lalacewar ita ce littafin ya zama wurin tara laifin mutane. Yau matar yayana ta yi kaza, yau shugaban matasa ya yi kaza. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. In an ɓata muku rai ku rubuta, amma kada ku tashi sai kun rubuta naku rabon a rigimar, ko da ƙarami ne, sannan ku yi wa mutumin addu'a da sunansa a layi na ƙarshe. Wanda ya tara shafi talatin na laifin wani ya gina wa kansa ƙiyayya da hannunsa, har da kwanan wata.

Hanya ta uku ta fi kama masu himma, ita ce kuma ta fi ba ni tsoro a kanku. Mutum ya yi ta tonon zuciyarsa har ya daina ganin kome sai duhunta. David Brainerd mai bishara ne a cikin 'yan asalin Amurka, tarin fuka ya kashe shi a 1747 yana da shekara 29. Jonathan Edwards, wanda a gidansa ya rasu, ya buga littafinsa na kowace rana a 1749, littafin kuma ya tayar da masu bishara da dama a ƙarnonin da suka biyo. Amma wanda ya karanta shi zai ga shafi bayan shafi na mutum yana ƙyamar kansa, yana auna ko yau ya ji kusancin Allah ko bai ji ba, yana faɗawa cikin baƙin ciki in bai ji ba. Edwards da kansa, da yake ƙaunarsa, ya faɗa wa masu karatu cewa Brainerd mutum ne mai saurin faɗawa cikin baƙin ciki. Ku koyi himmarsa, kada ku ɗauki wannan nauyin. Yadda kuka ji a ranar Talata ba shi ne ma'aunin ƙaunar Allah gare ku ba, an riga an auna ta a kan gicciye.

Maganin wannan na same shi a wurin Ignatiyus na Loyola, sojan Sifen da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana jinya ya lura da wani abu a kansa: in ya yi tunanin suna da ɗaukakar duniya yakan ji daɗi a lokacin, bayan haka ransa ya bushe, in kuwa ya yi tunanin bin Almasihu, farin cikin yakan zauna. Ya soma rubutu a wannan gadon jinya, har yana kwafe kalmomin Yesu da jar tawada. Daga baya ya tsara wa mabiyansa hanyar bincika rana, kuma tsarin ne nake so ku riƙe. Godiya ce farko. Bayan ita a roƙi haske domin a ga gaskiya, sannan a bi ranar daga safe zuwa dare, sannan a roƙi gafara, a ƙarshe a ƙudura abin da za a gyara gobe da taimakon Allah. Ko ku 'yan Katolika ne ko ECWA ko COCIN ko EYN, wannan jeri zai yi muku amfani. Wanda ya fara da lissafa alherin da aka yi masa yau, ko da ruwan da ya samu a famfo ne ko motar da ta kai shi gida lafiya, in ya zo kan zunubinsa zai dube shi a matsayin ɗa a gidan ubansa. Ku kuma kula da ɗaya gefen ramin: kada shafukan su zama abin taƙama, kwana kaza ban fasa ba, azumi kaza na yi. Bafarisiyen nan na Luka 18 lissafinsa daidai ne, amma mai karɓar haraji ne ya koma gida da gafara.

Takarda ba ta gafarta zunubi, ku riƙe wannan da kyau. Rubuta laifi yakan kawo wani sauƙi a rai, sauƙin kuma yana iya ruɗin mutum ya ɗauka an gama. Saurayin nan na kasuwa bai gama ba sai ya mayar da kuɗin. Budurwar nan ba ta gama ba sai ta je wurin ƙawarta. Ɗan Katolika bai kuɓuta daga zuwa wurin Fada ba don ya rubuta. Littafin ba ya maye gurbin sujada, ko jibin Ubangiji, ko zumuntar 'yan'uwa. Aikinsa ya tura ku zuwa gare su da idanu a buɗe.

Na san yawancinku ba ku da ɗakin kanku. Ana kwana huɗu ko biyar a ɗaki, ƙanne suna bincike, wata uwar ma tana ganin haƙƙinta ne ta buɗe kome. Ku sa littafin a ƙasan akwati ko cikin jakar da kuke fita da ita. Ku yi wa mutane alama da harafi ɗaya maimakon cikakken suna. Asirin da wani ya ba ku amana kada ya shiga ciki ko kaɗan, ba naku ba ne. In akwai abin da ya yi nauyi ƙwarai, ku rubuta shi a falle dabam, ku karanta shi a gaban Allah, ku ƙone. Wasu za su ce za su yi a waya tunda tana da makulli. Ban hana ba, amma ina ganin takarda ta fi, domin a waya saƙo zai shigo kuna tsakiyar layi, ku leƙa, minti goman su tafi. Ku kuma, in kun tsinci littafin ɗan'uwa ko na miji ko na mata a nan gaba, ku mayar da shi a rufe. Da Allah yake magana, ba a saurare a bakin wannan ƙofa.

A ƙarshen kowane wata ku keɓe yammacin wata Lahadi ku karanta abin da kuka rubuta tun daga farko, da biro a hannu. Ku sa alama a kan kowane roƙo da aka amsa, ku yi godiya a kansa da baki, ko da an makara. Sannan ku nemi abin da ke maimaita kansa. Za ku ga suna ɗaya yana ta dawowa a duk ranar da kuka faɗi, ko lokaci ɗaya, bayan sha ɗayan dare in waya tana hannu, ko kuwa duk makon da aljihu ya bushe sai faɗa da mutanen gida. Abin da rana ɗaya ba ta nuna ba, kwana talatin za su nuna. Wani lokaci gyaran ƙarami ne: a canza hanyar dawowa gida, a bar waya a falo, a daina zama a wata majalisa. In kuwa kun ga abu ɗaya ya bi ku wata uku a jere, kun tuba kun koma, kun tuba kun koma, ko kun ga baƙin ciki ya ƙi ɗagawa har kuna rubuta cewa kun gaji da rayuwa, to, abin ya wuce aikin takarda. Ku rufe littafin ku tashi, a cikin makon nan, ku je wurin fasto ko wani dattijon ikilisiya ko wata uwa a zumuntar mata wadda kuka san cikinta ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ku faɗa musu da bakinku abin da kuka gani, ku roƙe su su yi addu'a tare da ku, su kuma riƙa tambayarku yadda ake ciki.